Na bar nama, na koma kifi, kuma ba da kowa nake faɗa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau wata goma sha huɗu ke nan rabona da nama, ko na rago ko na sa ko na kaza. Kifi nake ci, da wake da ƙwai da ganye. Na daɗe ina son yin wannan magana, don tambayoyin sun yi yawa, wasu ma har sun fara yi mini kallon wanda ya shiga wata sabuwar aƙida.

Abin da ya kai ni shi ne hawan jini. Ranar da likita ya gwada ni, awo ya nuna 17 bisa 10, ya ɗago ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Akwai. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shekara uku ya yi kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni nake juya shi in yi masa wanka. Likitan bai ce in daina cin nama gaba ɗaya ba, cewa ya yi in rage kitse da gishiri, in riƙa shan magani. Ni na san halina. Kusan kullum bayan lisha sai na tsaya wajen mai balangu na sayi na jaka guda, a zaɓo mini mai kitse, a barbaɗa yaji da gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5, ni kuwa ƙunshi ɗaya ya isa ya kai ni can. Na gwada ragewa sau biyu na kasa, shi ya sa na yanke cin naman ɗungum.

Na ɗauka kwaɗayi ne zai fi wahalar da ni. Sati uku ya yi ya kwanta. Abin da bai kwanta ba har yau shi ne maganar mutane. A Damagaram nama karramawa ne. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake suna, kilishi kuwa shi ne tsarabar da muke alfahari da ita in za mu Yamai ko Kano. Wanda ya ture kwanon nama kamar ya ture mai gidan ne. Mai balangun nan da na yi shekaru ina saye wajensa ya tare ni a hanya, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, in laifi na yi maka ka faɗa mini." Wallahi sai da na ji nauyinsa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta babbar salla. Na yi layyata kamar kowa, aka feɗe ragon, aka tsire shi a itace aka jera gefen wuta. Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini hanta a ɗan kwano, yadda ta saba tun ina yaro. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kin san na bari." Ta yi shiru, ta jawo faifai ta rufe kwanon, ta ce, "Abin da Allah ya halatta ne fa, ɗan nan." Na durƙusa na yi mata bayani, na tuna mata jinyar Baba. Ba ta amsa ba. Washegari da rana sai ga jikarta da kwanon miyar kuka da bandar kifi, ta ce Inna ta ce a kawo mini.

Ga masu cewa na haramta halal: ban haramta ba, kuma ban isa ba. Iyalina suna ci, ni nake sayo musu. Malamai sun karantar da mu cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haram ne ya ce a'a, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Mutum yana iya barin abu don ransa ko lafiyarsa ba tare da ya yanke wa kowa hukunci ba.

Kuma kada wani ya ce garin da ke kukan ruwan sha ina zai samu kifi. Ana samu. Tarwaɗa da karfasa suna zuwa daga tabkuna irin na Gidimuni, can gabas kan hanyar Gure. Banda tana zuwa daga yankin tabkin Cadi, duk da cewa tun da aka hana kamun kifi da safararsa a jihar Difa a 2015 saboda matsalar tsaro, sana'ar ta sha wuya sosai kafin a sake buɗe ta. Ga kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi cikin kwali. Sai dai kifi yana son lura. A zafin watan huɗu ɗanye ba ya jira, in ka ga idonsa ya dushe ko cikinsa ya saki, ka bar shi. Banda kuma wasu 'yan kasuwa suna fesa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, abin da ya kamata a tsawata a kai da gaske. Uwargida takan jiƙa ta a ruwan zafi, ta wanke sau biyu ko uku, ta cire kai da ƙaya kafin ta shiga tukunya. Mun kuma daina soya kifi cikin mai tsundum, gashi muke yi ko farfesu da tafarnuwa da citta.

Jinin ya sauka, alhamdu lillahi, amma ba zan ce kifi kaɗai ya yi aikin ba. Ina shan magani a kan lokaci, ina tafiyar ƙasa da asuba daga Birni zuwa wajen Kasuwar Dole in dawo, gishiri kuma ya ragu a tukunyar gidan gaba ɗaya.

Roƙona ga dangi da abokai shi ne, in na zo gidanku biki ko suna na ce a zuba mini tuwo da miya kawai, ku zuba mini haka. Kada a yi ta tura mini tsoka ana cewa "guda ɗaya ba za ta kashe ka ba." Kuma in da mai hawan jini a gidanku, ku raka shi a gwada shi cikin satin nan.