Masu tara tsofaffin injuna a Garwa ba ɓarnar kuɗi suke yi ba

Akwai wasu magidanta a Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, da jama'a suka kasa gane inda suka dosa. Mutum ba kafinta ba, ba mai walda ba. Wataƙila malamin makaranta ne, ko direban tirela da ya ajiye tuƙi, ko tsohon ma'aikacin kamfanin auduga. Ya ware ɗaki guda kusa da zaure, ya kafa tebur mai kauri, kuma duk ƙarshen wata sai ka same shi a shagunan gwanjon Turai da ake kira brocante, yana jujjuya wani tsohon injin huda ƙarfe da ya girmi 'ya'yansa. Yana da uku a gida, amma zai sayi na huɗu. Maƙwabta su ce tarkace yake tarawa, uwargida ta ce kuɗin cefane ne ke tafiya a tsatsa.

Ni ina bayan waɗannan mutane, kuma zan faɗi dalili. Sai dai goyon bayan nawa da sharaɗi ne, sharaɗin kuma ba ƙarami ba ne.

Kayan nan doguwar tafiya suke yi kafin su zo hannunmu. Wani tsoho ya rasu a Beljiyam ko Faransa ko Jamus, magada su share gareji, dillali ya kwashe, a cusa a kwantena tare da firji da kekuna da kwanuka. Kwantena ta sauka a tashar Duwala, kaya su hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Garwa, Marwa, Kuseri, har a haye gada zuwa Njamena. Abin da ya kai wannan nisa yana juyawa, ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya kamu da wannan sha'awa, farkon abin da yake dubawa shi ne ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin inji. A nan tarihin yake. In aka rubuta Jamus ta Yamma, ya san an ƙera shi kafin haɗewar ƙasar a 1990. In ya ga Fein, ya san yana riƙe da jikan injin huda na hannu mai lantarki da wannan kamfani ya fitar a Stuttgart a 1895. Mariƙin nan mai kama da bindiga, da makunnin da ake ja da yatsa, wanda yau muke gani kamar haka aka halicci inji, Black & Decker ne suka yi rajistarsa a Amurka a 1917. Makita ta Japan ma shagon gyara da sayar da motar lantarki ce aka buɗe a Nagoya a 1915, sai a 1958 ta fitar da injinta na kankare katako. Wanda ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne Peugeot. Mun san zakin tambarinsu a gaban motar 504 da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Garwa da Marwa, amma tun kafin a yi mota zakin nan yana kan zarto, don iyalan Peugeot da ƙera zarto da kayan aiki suka fara, kuma sun daɗe suna yin injunan huda masu lantarki. Har yanzu akan tsinci irinsu a gwanjo.

Amma ba don tarihi kaɗai nake kare su ba. Tarihi ba ya huda bango.

Abin da ya sa tsohon inji ya cancanci a tsaya a kansa shi ne an ƙera shi don a buɗe shi. Kwance kusoshi huɗu ko shida, komai na gabanka: naɗin wayar tagulla, sandar da ke juyawa a tsakiya, haƙoran giya na ƙarfe cikin giris, boris gaba da baya, da 'yan guntayen gawayin nan biyu da masu gyara ke kira sharbon, waɗanda ke kai wuta ga sandar. Yawancin injin da aka ce ya mutu, ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne ya same shi. Ko gawayin ya cinye, ko makunni ya toshe da ƙura, ko waya ta tsinke daga ciki daidai inda take shiga mariƙi, ko boris ya bushe yana kuka. Duk waɗannan ana gyara su da yamma ɗaya. Gawayin da bai yi daidai ba a goge shi da magagari har ya shiga. Boris kuwa lambarsa na rubuce a gefensa, kuma lambar iri ɗaya ce a duniya, don haka wanda ke cikin injin da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce za ka iya samunsa a shagon kayan babur. In ciwon ya yi tsanani, naɗin ya ƙone, akwai masu naɗin waya a kasuwa da za su warware shi su sake sabo.

Ɗauki injin zamani mai batir ka gwada haka. Da yawansu ba su da gawayi sam, wani ɗan allon lantarki ne ke sarrafa motar, kuma an zuba masa danko ya daskare, ba ya buɗuwa. In ya ƙone sai dai sabon allo, sabon allo kuwa ba a Garwa yake ba. Batirin yawancin kamfanoni ba ya shiga injin wani. Ga zafinmu na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, wanda batirin lithium ba ya ƙauna. Turawan da kansu sun gane an yi nisa: Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wasu na'urori su nuna makin sauƙin gyaransu tun 2021, Tarayyar Turai kuma ta kafa dokar 'yancin gyara a 2024. Abin da suke neman dawowa da shi ta hanyar doka, mu bai taɓa barinmu ba. Yana nan a hannun masu gyaran fanka da janareto. Sai dai ya fara rauni, don yaron da ya taso yana ganin abin da ba ya buɗuwa ba zai koyi buɗewa ba.

A nan ne mai tara tsofaffin injuna yake da amfanin da shi kansa bai cika lura da shi ba. Ɗakinsa makaranta ce. Na san wani dattijo da yaran unguwa ke taruwa a ƙofar ɗakinsa ranar da babu boko. In yaro ya ce, "Baba, wannan ya mutu," sai ya ce masa, "Ɗana, ka shinshina tukuna. In babu ƙauri, da sauran rai." Yaron da ya koyi bambanta ƙaurin naɗin da ya ƙone da warin tsohon giris, ya ga yadda wuta ke zama juyi, ya riga ya samu abin da zai ci da shi ko a gareji, ko a wajen masu famfon ban-ruwa a bakin Binuwai, ko wajen masu haɗa sola.

Kuma in waɗannan mutane ba su saya ba, mun san inda injunan za su ƙare. 'Yan jari-bola za su auna su a sikeli, a fasa, tagulla ta tafi gefe, alminiyam ya tafi wajen masu narka tukwane. Ba na ganin laifin mai neman abincinsa, amma injin da zai iya ciyar da kafinta shekara ashirin ya fi ƙarfin a sayar da shi da kilo.

To, sai dai masu suka ba su rasa gaskiya ba, kuma masoya tsohon ƙarfe su daure su saurara.

Maganar da ake yawan yi cewa kayan da duk sun fi na yanzu ba daidai ba ce. A da ma an ƙera na banza da yawa. Sun mutu tuntuni, nagarin ne kawai suka rage muke gani. Haka kuma injunan Sin masu araha da ake rainawa sun buɗe wa ɗimbin matasa ƙofar sana'a. Yaron da ya gama koyon walda ba shi da kuɗin jiran wani injin kamfanin Metabo ya faɗo a gwanjo. Abin da aljihunsa ya iya shi zai saya ya fara aiki gobe. Suna ma ba ya tabbatar da komai yanzu: injunan Milwaukee da na AEG suna hannun wani kamfanin Hong Kong tun 2005, ko Bosch ma koren na masu ɗan aikin gida ne, shuɗin ne na masu sana'a. Sannan ga matsalar wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gider sun rage zafi, amma mai ɗora rufin kwano a ƙauye, injin batir ne abokin tafiyarsa, ba mai waya ba. Wannan ba abin musu ba ne.

Babban abin da ke damuna kuwa shi ne rai. Injunan da aka fi so, masu nauyi da sheƙi, gangar jikinsu ƙarfe ce. An ƙera su ne da zaton cewa gidan da za a jona su yana da waya ta uku mai kai wuta ƙasa. Gidajenmu da yawa ba su da ita, inda take kuma sai ka ga an yanke kan filogin an cusa wayoyi biyu tsirara a soket. Ranar da rufin wayar ciki ya tsage, wanda robar shekara hamsin ba ta rasa yi, gangar jikin gaba ɗaya ta zama wuta mai ƙarfin 220. Mai riƙe da shi yana gumi, ƙafarsa babu takalmi a kan siminti mai laima, tsokar hannunsa kuma ta ƙanƙame ba ta saki. Wannan kisa ne, ba girgiza ba. Duk wanda ya sayi inji mai jikin ƙarfe, kafin ya jona shi ko sau ɗaya, ya canja wayar gaba ɗaya da mai jijiya uku, ya kafa sandar ƙasa ta gaskiya a ɗakin aikinsa, ya sa ɗan akwatin nan mai yanke wuta da kansa in ta zurare. In ba zai iya ba, ya nemi masu alamar murabba'i biyu, ƙarami cikin babba, wadda ke nuna an ninka rufin kariya. Ya kuma karanta allon da kyau, don wanda aka yi wa kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, jona shi kai tsaye ƙona shi ne. Faifan yankan ƙarfe da aka tarar cikin akwatin inji a zubar da shi. Yana da wa'adi, akan buga shi a zoben tsakiya, kuma tsohon faifai in ya tarwatse fuska yake nema. Murfin kariyar zarto da na giranda da masu sana'armu ke cirewa wai yana tare musu gani, a mayar da shi.

Akwai kuma wanda bai kamata a saya ba ko da kyauta: tsofaffin injunan batir masu sinadarin cadmium. Turai ta hana sa irin wannan batir a sababbin injunan hannu daga ƙarshen 2016, tsofaffin kuma suna biyo kwantena zuwa nan. Batirin ya riga ya mutu, sinadarin guba ne, yara kuma su ne ke wasa a bola. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 don hana jibge mana shara mai guba aka yi ta, kuma ba kowane abu da ya fito daga kwantena ne kayan tarihi ba.

Ƙorafin uwargida ma ba na raina shi. Sha'awa ba ta gaban haƙƙin iyali. Wanda buhun gero bai shiga gidansa ba, ba shi da hurumin sayen inji na biyar.

Sharaɗin da na ambata tun farko shi ne injin ya yi aiki. A Turai da Amurka akwai masu tarawa don a goge a jera a kanta, a ɗauki hoto. Su suna da yalwar da za su yi haka. A nan, kowane injin kirki da mai albashi ya saya ya rataye, akwai wani matashin kafinta da ya zo shagon bayansa bai samu ba, ko ya tarar farashi ya tashi saboda mai shago ya gane akwai masu so. Wanda ke da zarto uku masu lafiya a ɗaki alhali yaron maƙwabcinsa na yanka katako da hannu a rana, ya sake tunani. Ya ba da aro, ko haya mai sauƙi, ko ya gyara ya sayar wa mai sana'a a kan abin da ya kashe, ya riƙe guda ɗaya ko biyu da ransa ya fi so. Daɗin abin ai a gyaran yake, a lokacin da injin da ya yi shekaru shiru ya tashi, ba a ajiyar ba.

Akwai wani aiki kuma da masu wannan sha'awa suka fi kowa dacewa da shi, tunda yawancinsu masu karatu ne. Masu naɗin wayar da muke taƙama da su suna tsufa, kuma ilminsu a ka yake. In za su sake naɗa mota, sai sun ƙirga zagayen tsohuwar wayar ɗaya bayan ɗaya, su auna kaurinta, su lura da yadda aka tsallaka ramuka. In aiki ya ƙare, lissafin ya tafi da guntun kwalin da aka rubuta shi. Mai tara injuna ya sayi littafi mai kauri ya zauna kusa da su. Kowane inji da aka buɗe a rubuta sunan kamfani da lambarsa, yawan zagaye, kaurin waya, lambar boris, girman gawayi, da abin da aka sa a madadinsa in na asali bai samu ba. A ɗauki hoton shafukan a tura wa masu gyara na Marwa da Kuseri, a kai kwafi makarantun koyon sana'a, su ma su ƙara nasu.