Minti Biyu na Tunani Tsakanin Kiɗa da Hirar Taurari

Wata safiya cunkoson motoci ya tsare ni a hanya, rediyon mota a kunne. Mai gabatar da shirin safe ya gama ƙyaƙyata dariya da wata jarumar fim da ta zo tallar sabon fim ɗinta, ya sako waƙar da ke sa mutum kaɗa kai ko bai yi niyya ba. Waƙar na yankewa sai aka ba wata mata dama. Ta yi magana a natse, ta ce ta shekara uku ba ta yi wa ƙanwarta magana ba, kuma yanzu ko musabbabin faɗan ba ta iya tunawa sosai. Ba ta wuce minti biyu ba. Mai gabatarwa ya yi mata godiya, ya faɗi lokaci, kiɗa ya dawo. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina laluben lambar wani ɗan'uwana a waya. Ban kira shi a ranar ba, gaskiya. Amma maganar ta bi ni har ofis.

Da na ba wani abokina labari, tsaki ya ja. A wurinsa irin wannan shiri hatsin bara ne kawai: ga waƙar soyayya, ga gulmar taurari, ga nasiha, duk a tukunya ɗaya. Ya ce maganar Allah ta fi ƙarfin a cusa ta tsakanin waƙoƙi biyu na rawa. Na fahimci inda ya dosa, ban kuma raina damuwarsa ba. Sai dai ina ganin ya kama ɓarawon da ba shi ne ya yi satar ba.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Tashar BBC Radio 2 ta Birtaniya, wadda ta soma aiki ranar 30 ga Satumba, 1967, ta daɗe tana yin sa. Terry Wogan ya riƙe shirin safenta daga 1972 zuwa 1984, ya dawo a 1993 ya ci gaba har ƙarshen 2009, a lokacin mutum kusan miliyan 8 na sauraronsa a mako. Chris Evans ya gaje shi a 2010, Zoe Ball ta karɓa a farkon 2019 ta riƙe har ƙarshen 2024. Salon waɗannan mutum uku ya sha bamban ƙwarai, waƙoƙin da ake yayi sun sauya, baƙin ma sun sauya. Abin da ya tsira shi ne ɗan gurbin nan da suke kira Pause for Thought, wato ɗan dakatawa don tunani, inda malamin coci, ko Musulmi, ko malamin Yahudawa, ko mabiyin addinin Sikh ko Hindu zai zo ya yi 'yar gajeriyar tunatarwa. Tashar da ke ƙirga masu sauraronta kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga ciniki ba za ta yi shekaru da dama tana riƙe da abin da ke korar mata jama'a ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin yana cikin yadda ake sauraron rediyo da safe. Ba wanda ke zama ya naɗe hannu ya saurari shirin awa uku daga farko zuwa ƙarshe. Uwa tana neman takalmin yaro ɗaya da ya ɓata, kunnenta rabi na kan rediyo. Direba yana jin minti ashirin ya kashe mota. Shi ya sa mai gabatarwa ke ta maimaita lokaci kamar wanda aka biya don hakan, shi ya sa ake yanka komai gunduwa-gunduwa: labarai, yanayin hanya, hasashen yanayi, waƙa, hira. A irin wannan hali, wa'azin rabin awa ba zai samu kunne ba. Minti biyu kuwa yana samun mutum a inda yake, bai shirya gardama ba, bai ɗaura ɗamarar kare kansa ba. Kuma yana isa ga wanda ƙila ya yi shekaru bai taka wurin ibada ba, wanda da an ce masa ga shirin addini nan tafe, da tuni ya murɗa zuwa wata tashar.

Akwai masu suka daga ɗaya gefen kuma, masu cewa me ya kawo addini gidan rediyon da kowa ke biyan kuɗinsa? A Birtaniya wannan muhawara ta fi zafi a kan Thought for the Day, irin wannan gurbin tunatarwa da tashar BBC Radio 4 ke sakawa a cikin shirin labaranta na safe tun 1970, domin masu addini kaɗai ake gayyata, kuma ƙungiyoyin waɗanda ba su bin addini sun daɗe suna ƙorafi. A nan ina ganin suna da hujja rabi. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa shekara biyar yana da abin faɗa ko da bai riƙe da littafin kowa ba, kuma buɗe masa ƙofa ba zai rage wa malamai komai ba. Amma a ce a soke gurbin ɗungurungum saboda wani bai yarda da mai magana ba, wannan jefar da jariri ne don an tsani zanen goyonsa.

Inda nake da ja da waɗannan shirye-shirye shi ne hirar taurari, wadda abokina bai ma tsaya a kanta ba. Tauraro ba ya zuwa gidan rediyo da sassafe don yana kewar masu sauraro. Yana zuwa ne a makon da fim ɗinsa, ko kundin waƙoƙinsa, ko littafinsa zai fita, sau da yawa tare da jami'in hulɗarsa da 'yan jarida wanda ya riga ya gindaya abin da ba za a taɓo ba. Labarin ban dariyar da ya ba ka da ƙarfe takwas, shi zai bayar a talabijin da yamma, har da dariyar a daidai wurin da ya yi ta da safe. Talla ce aka sa wa rigar hira. Ba haramun ba ne, kowa na neman na kansa, kuma ƙwararren mai gabatarwa kan yi dabara ya zaro magana ta gaskiya daga bakin baƙonsa. Amma idan ana neman abin da ke raina hankalin mai sauraro a shirin, to ga shi nan.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne wannan salo na kowa-ya-ji-daɗi ya malalo ya cinye gurbin tunanin. Na sha jin hakan: mai tunatarwa ya zo, don kada ya ɓata wa kowa rai ko ya kashe armashin shiri, sai ya ɗebo zance mai zaƙi marar ƙashi. Ya fara da labarin karensa ko jirgin da ya tsere masa, ya ƙare da cewa mu riƙa murmushi. Wannan taɓa-ka-lashe ne. Waƙar da ta gabace shi ma ta fi shi faɗin gaskiya, domin mai waƙar aƙalla ya yarda cewa rabuwa na da ciwo. Matar da na ji a mota ba ta yi haka ba. Ta ɗora laifin a kan kanta, ta ce girman kai ne ya hana ta ɗaga waya, ta kuma bar maganar a buɗe, ba ta ce sun shirya ba.

Manhajojin kiɗa irin su Spotify sun riga sun ƙwace wa rediyo aikin zaɓa wa mutum waƙa, kuma suna yin sa babu surutu. Hirar taurari tana nan birjik a YouTube da Instagram, har ta fi ta rediyo tsawo. Abin da manhaja ba za ta yi ba shi ne ta katse maka waƙar da kake so ta sa ka ji abin da ba ka nema ba, daga bakin mutumin da addininsa ba naka ba ne. Don haka in da ni ne mai tsara shirin, zan rage wa tauraro minti biyar daga cikin sha biyar ɗinsa, in bar gurbin tunani a tsakiyar shiri lokacin da kunnuwa suka fi yawa, kada a tura shi can asubahin da babu kowa. Kuma duk mai tunatarwar da ya aiko rubutunsa kafin ranar, in na karanta na ga babu jimla ko ɗaya da za ta sa wani ya ɗan muskuta a kujerarsa, zan mayar masa ya sake.