Maigida da Naman Mutanen Ailan

Ranar 17 ga Maris, wadda mutanen Ailan ke bikin Waliyyi Patrick, Maigida ya shigo gidansa a birnin New York riƙe da ɗanyen naman ƙirjin saniya da kabeji da ƙullin masara.

Maigida: Uwargida, ɗora tukunya, domin yau abincin mutanen Ailan za mu ci, wanda suke kira "corned beef", wato nama mai masara.

Uwargida: Maigida, babu ko ƙwayar masara a cikinsa. Manyan ƙwayoyin gishirin da ake jiƙa naman da su ne suka ba shi sunan.

Maigida: Na sani, gwada ki nake yi. To, barbaɗa masa gishirin, kada mu yi dare.

Uwargida: Sai ya kwana bakwai a firiji cikin ruwan gishiri da kayan ƙamshi, sannan a dafa shi a ƙaramar wuta kusan awa uku, a zuba dankalin Turawa da karas, kabeji kuma sai an kusa saukewa, don kada ya narke.

Maigida: Kwana bakwai! Nama ne ko jariri mai jiran suna? Ashe haka kakanninsu suka yi ta haƙuri?

Uwargida: Kakanninsu da naman alade suke cin kabejinsu. Sai da yunwar da ta fara a 1845 ta koro su nan, suka tarar naman shanu mai gishiri yana da araha a wajen mahautan Yahudawa, suka koma masa.

Maigida: Allah ya saka wa mahautan nan, sun halatta mana girki. Amma ƙasa mai shanu kamar Ailan, a ce nama ya gagari mutanenta?

Uwargida: Birnin Cork na can Ailan ya shahara da naman shanu mai gishiri, sai dai a ganga ake zuba shi a loda wa jiragen ruwa, talaka kuwa ya bi shi da ido ya koma ga dankalinsa.

Maigida: Akwai wata 'yar magana, Uwargida. Na riga na gayyaci abokaina shida, bayan Magariba za su iso.

Uwargida: Babu damuwa. Zan dafa musu dankali da kabeji, ka ajiye naman a inda za su riƙa hangensa, ka gaya musu ainihin na gargajiya ke nan.

Maigida: To, masarar fa?

Uwargida: Gasa ta za ka yi, tunda kai ne ka san inda take shiga.