Marubutanmu, Ina Kuka Kai Goggo da Bappa?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da littattafan da muke karantawa a WhatsApp da Wattpad, wato yadda mutanen cikin labari ke kiran junansu. Marubuciya za ta ce gidan a Jekadafari yake, nan cikin Gombe, amma ka karanta har ƙarshe ba ka ji an ce Goggo ko Bappa ba. Uba Dadi, uwa Mami, duk macen da ta girme ka Anti, miji kuwa Bebi, ko a gaban surukai.

Na san akwai gidajen da ake faɗin haka, ban musa ba. Amma a ce daga Bolari har Dukku kowa haka yake magana? A gidajenmu ƙanin uba Bappa ne, 'yar'uwar uba Goggo, ɗan'uwan uwa Kawu, wa Hamma, ya kuma Adda. Da ka ji kiran ka san wa ke da iko da wa. Yarinya ta kai ƙara wurin Kawu daban ne da ta kai wurin Bappa, domin Bappa shi ke ba da aurenta. Idan duk ka mai da su Ankul, me ya rage na rikicin?

Ga kuma alkunya. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce "wannan yaron", tana kau da kai. Yaron da ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Baba, ba mai kiransa gatsau. Kaka kuwa ta ce wa jikanta "angona", ta tsokane shi da kuɗin cefane. Matar da kullum "Malam" ko "Baban Amira" take cewa, ranar da ta tsaya bakin ƙofa ta ce "Usman!", wallahi ba sai an yi mana shafi biyu na bayanin ɓacin ranta ba. Mun riga mun san tura ta kai bango. Wannan makamin ne ake zubarwa.

Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, bakin Kano ne ya fi yawa a rubutu, kuma ba laifinsu ba ne, nasu suka rubuta. Abin da ke ba ni takaici shi ne 'ya'yan Gombe da Bauchi su bar nasu suna aro. Ƙannena masu rubutu, kafin ku sa wa kowa magana a baki, ku zauna tsakar gida ranar suna ku saurari yadda amarya ke gaida uwar mijinta da "kun tashi lafiya", alhali tsohuwar ita kaɗai ce a kan tabarma.