An bar jaki ana dukan taiki: ba Zubaida ce ta rusa Bagadaza ba

Tunda muhawarar ware wa mata kujeru na musamman a majalisun dokoki ta sake ɗaukar zafi, wani guntun bidiyo yake ta yawo a WhatsApp. Mai jawabin, wanda ba zan kama sunansa ba, yana gaya wa jama'a cewa daular Abbasiyya ta fara rushewa ne ranar da mata suka tsoma baki a sha'anin fada. Ya ambaci Khaizuran, ya ambaci Zubaida, ya ambaci mahaifiyar Halifa Muƙtadir, masu sauraro suna ta kabbara. Ɗiyar ƙanwata da ke karatu a jami'a ce ta turo mini, da tambaya guda a ƙasansa: "Kawu, haka abin yake?" Na kwana ina juya tambayar, kuma abin ya ci mini rai. Kowa na da damar goyon bayan wannan ƙudiri ko ƙin sa, ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne a ɗauki tarihin Musulunci na shekaru ɗari biyar a matse shi ya koma tsegumin kishiyoyi, sannan a miƙa wa yarinya mai neman ilimi a ce wannan shi ne darasi.

Mu fara da Khaizuran. Baiwa ce da aka kawo daga Yaman, ta shiga gidan Mahdi tun yana yarima, ta haifa masa Musa Hadi da Haruna Rashid. Da ya hau halifanci a 775 sai ya 'yanta ta ya aure ta. Ba wanda ke musun cewa ta yi ƙarfi. Ƙofarta kullum cike take da masu neman alfarma, ɗan'uwanta Gidrif ya samu gwamnan Yaman, kuma ta ƙulla zumuncin shayarwa da gidan Barmaki na manyan wazirai, har Haruna yana kiran Yahaya ɗan Khalid da baba. Da Hadi ya hau mulki a 785, wannan cincirindo ya tsone masa ido. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo yadda ya tsare ta da faɗa, ya rantse cewa duk wani kwamanda ko ma'aikaci da ya sake tsayawa a ƙofarta sai ya sare kansa ya ƙwace dukiyarsa, ya kuma tambaye ta ko ba ta da mazari da zai ɗauke mata hankali, ko Alƙur'ani da za ta karanta. Wannan wurin mai bidiyon ya fi so, ya maimaita shi har sau biyu.

Abin da bai faɗa ba shi ne abin da Hadi yake ƙullawa a daidai lokacin. Mahaifinsu ya karɓi mubaya'ar jama'a cewa Haruna ne zai gaji Hadi. Shi kuwa Hadi ya ƙudurta tuɓe ƙanin nasa ya ɗora ɗansa Ja'afar, yaro ƙarami. Yahaya Barmaki ya gargaɗe shi cewa idan ka koya wa mutane karya rantsuwa, gobe taka ma ba za ta yi musu nauyi ba. Sakamakon nasihar shi ne kurkuku. Hadi ya rasu a 786 bayan ɗan abin da ya haura shekara guda a kan gado, Haruna ya gaje shi. Wata ruwaya ta ce ciwon ciki ne, wata ta ce uwarsa ce ta sa kuyangi suka danne shi da matashin kai. Mai bidiyon ya ɗauki ta biyun kamar ya gani da idonsa. Ko da a ce ita ce gaskiya, wa ya fara tsaga bangon? Kuma wannan cuta ta girmi Khaizuran. A 764 Halifa Mansur ya matsa wa ɗan ɗan'uwansa Isa ɗan Musa har ya janye daga layin gado domin Mahdi ya wuce gaba. Kafin nan, a 754, baffan Mansur, Abdullahi ɗan Aliyu, ya ɗaga masa takobi a kan kujerar nan. Wace mace ce ta kitsa waɗannan?

A kan Zubaida ne zaluncin ya fi muni, domin ita suke ɗora wa yaƙin basasar Amin da Ma'amun. Zubaida ba baiwa ba ce. Jikar Mansur ce, 'yar Ja'afar, kuma kakan nata ne ya laƙaba mata sunan da yau ake raɗa wa 'ya'ya mata a Kano da Damagaram. 'Yar baffan Haruna ce, aure na gida. Ɗanta Muhammadu Amin Bahashime ne ta uwa da uba, abin da ba a saba gani ba a gidan da yawancin halifofinsa 'ya'yan ƙwarƙwarori ne. Abdullahi Ma'amun kuwa, wanda ya girme shi da 'yan watanni, ɗan wata baiwa ce mai suna Marajil. Duk Bahaushen da ya tashi a babban gida ya san ma'anar wannan, ya san ɗakin uwargida 'yar dangi da ɗakin sa-ɗaka, ya san yadda kawunnai ke tsayawa bayan ɗan 'yar'uwarsu. Haka aka yi. Ɗan'uwan Zubaida, Isa ɗan Ja'afar, shi ya je ya nemi goyon bayan Fadlu Barmaki, aka yi wa Amin mubaya'a a 792 yana ɗan shekara biyar. Zubaida ta so ɗanta ya gaji mijinta, kuma dangin Abbas da manyan sojan Bagadaza sun so abin da ta so, saboda amfaninsu na ciki.

To amma wa ya raba ƙasar? A 802 Haruna ya tafi aikin Hajji da 'ya'yansa biyu, ya sa aka rubuta takardun alkawari, manyan daula suka shaida, aka rataye su a cikin Ka'aba. Amin zai zama halifa a Bagadaza. Ma'amun zai riƙe Khurasan da sojanta da harajinta, ba mai sa masa baki, kuma shi zai gaji Amin. Aka kuma jingina ɗa na uku, Ƙasim, a bayansu. Uba ya ba 'ya'ya biyu runduna biyu da baitulmali biyu, ya zaci rantsuwa za ta riƙe su. Shekara guda bayan haka ya kashe Ja'afar Barmaki ya ɗaure sauran gidan, wato ya tumɓuke mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake daidaita ɓangarorin fada. Da ya rasu a Ɗus a 809, wazirinsa Fadlu ɗan Rabi'u ya kwashe rundunar da ke tare da shi ya koma Bagadaza wurin Amin. Tun daga ranar ya san idan Ma'amun ya hau mulki kashinsa ya bushe, don haka ya dinga zuga Amin har aka cire sunan Ma'amun daga huɗuba, aka ɗauko takardun nan daga Ka'aba aka yayyaga. A can Marwa ta Khurasan kuma Fadlu ɗan Sahal yana hura wa Ma'amun tasa wutar. Wazirai biyu, kowa na kare wuyansa da ɗan sarki.

Ga abin da masana tarihi suka ruwaito Zubaida ta yi a 811, lokacin da Aliyu ɗan Isa ɗan Mahan zai fita da runduna ya kamo Ma'amun. Ya je yi mata sallama. Ta ce masa Amin ɗanta ne, amma tana tausayin Abdullahi. Ta gargaɗe shi kada ya gaya masa baƙar magana, kada ya wulaƙanta shi kamar bawa, kada ya hau doki kafin ya hau, ya riƙe masa likkafa, in ya zage shi ya haƙura. Sannan ta miƙa masa mari na azurfa, ta ce in ɗauri ya zama dole to da wannan za a ɗaure shi. Macen da ake cewa ita ta kunna wutar ke nan, tana ƙoƙarin kada a keta mutuncin ɗan kishiya a ranar da mazan fada suka riga suka yanke shawarar yaƙi. Aliyu bai ma kai Khurasan ba, Ɗahiru ɗan Husaini, kwamandan Ma'amun, ya murƙushe shi a Rayyi. Aka yi wa Bagadaza ƙawanya fiye da shekara, aka ragargaza unguwanni da majaujawa, aka yanke kan Amin a 813. Zubaida ba ta tara dangi neman fansa ba. Ta yi sulhu da Ma'amun, ya mayar mata da dukiyarta, har ta halarci bikinsa da Buran a 825 ta yi wa amarya kyauta. Ta rasu a 831, kuma Hulagu, jagoran Mongol da ya rusa Bagadaza, bai shige ta ba sai 1258. Shekara 427 ke nan tsakani. Wace irin rushewa ce take jira haka?

Duk alhajin da ya tsaya a Arfa ya ɗaga ido gefen dutse zai iya ganin ragowar magudanar da har yau ake kira Ainu Zubaida. Ita ta biya aka jawo ruwa daga kwarin Nu'uman lokacin da mahajjata ke mutuwa da ƙishi, kuma an ruwaito cewa da wakilinta ya koka da tsadar aikin ta ce a yi ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Hanyar Kufa zuwa Makka, wajen kilomita 1,400, da rijiyoyinta da tafkunanta da masaukanta, sunanta take ɗauke da shi. Khaizuran kuma ita ta sayi gidan da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta mai da shi masallaci. Mai bidiyon ya yi minti goma sha wani abu bai ambaci ko ɗaya ba. Wanda ya san waɗannan ya ɓoye ya ci amanar masu sauraronsa, wanda bai sani ba kuma bai kamata ya riƙe makirufo ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Shagab, mahaifiyar Muƙtadir, wadda fada ke kira Sayyida. Gaskiya ne a zamaninta jakadun cikin gida irin su Ummu Musa sun yi tasiri a naɗa waziri da tuɓe shi, kuma a 918 wata mai suna Sumal ta zauna sauraron ƙorafin jama'a, alƙalai na gefenta. Marubutan zamanin sun yi ta kukan mulkin mata da bayi. Sai dai a tambaya: ta yaya yaro ɗan shekara 13 ya zama halifa a 908? Waziri Abbas ɗan Hasan ne ya zaɓe shi, bisa shawarar Ibnul Furat, wanda ya ce masa kada ya ɗora babban mutum da ya san gonar wane da dukiyar wane, ya ɗora wanda za su juya. Magatakarda ne suka nemi yaro don su ci karensu babu babbaka, uwa ta shigo ta tsare ɗanta, sai ita ce mai laifi? Kafin ɗanta ya hau gado an riga an kashe Mutawakkil a 861 a hannun sojan Turkawa da Mu'utasim ya tara, an yi shekara tara ana naɗa halifofi ana tuɓewa a Samarra, tawayen bayin da ake kira Zanj ya cinye kudancin Iraƙi daga 869 zuwa 883, Misira ta taɓa ɓallewa a hannun Ibnu Ɗulun. Harajin ƙasar noma ya ragu, albashin soja ya ƙaru, kowane waziri sai ya ƙwace dukiyar wanda ya gada ya toshe rami. Shagab ta gina asibiti a Bagadaza, ta kashe dukiya a kan mahajjata, ta fitar da kuɗinta lokacin da 'yan tawayen Ƙaramiɗa suka doso birnin. Da sojan babban kwamanda Mu'unis suka kashe ɗanta a 932, sabon halifa Ƙahir ya sa aka rataye ta ƙafa sama, tana tsohuwa marar lafiya, yana neman inda ta ɓoye kuɗi. Bayan ta mutu, cikin shekara goma sha biyu Buwaihawa, wani gidan mayaƙa daga Farisa, suka shiga Bagadaza a 945 suka mai da halifa ɗan amshin shata.

Masu ɗauko hoton Zubaida a Facebook suna kiranta gwarzuwar 'yancin mata ma ba su karanta ba, domin ɗanta da gidan Abbas ta yi wa aiki, ba ta taɓa neman kujera ga wata mace ba.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne mulki na gida ne, kuma gida ba ya tafiya babu mata. Inda sarauta ta zama gado, babu ƙa'idar da ta fayyace wanda zai gada, dole uwa da kawu da ɗan'uwan shan nono da waziri su zama jam'iyyu. Mu ma mun san haka. Tarihin Kano ya adana sunan Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa, wadda ta yi tasiri a zamanin ɗanta Abdullahi da jikanta Kisoke, kuma har yau fadar Kano ta san girman Mai Babban Ɗaki. A Borno akwai Magira. Wanda ya ce mata ba su da hannu a mulkin da ya gabata ƙarya yake, wanda kuma ya ce hannunsu ne ya kawo halaka yana wanke mazan da suka karya rantsuwar da aka rataye a cikin Ka'aba. Wannan wankin ne ya fi ba ni haushi, domin da shi ake koya wa samarinmu cewa duk abin da ya lalace a nemi mace a ɗora mata, daga daula har zuwa gidan haya.

Malaman tarihi a jami'o'inmu da masu karantar da sira da tarihin halifofi a zaure su daina barin fagen ga masu guntun bidiyo. Littattafan nan suna nan a kasuwar Kurmi, da Larabcinsu, kuma muna da dubban masu iya karanta su. A fassara babin Amin da Ma'amun zuwa Hausa, a karanta shi a rediyo kamar yadda ake karanta tafsiri. Ni dai na amsa wa ɗiyar ƙanwata da labarin marin azurfa, na ce ta je ɗakin karatu ta nemo Ɗabari, ta duba abin da ya faru a shekara ta 186 bayan Hijira, ta ga hannun wa ke kan takardar da aka rataye.