Ɓarawon Ƙarya, Gudun Gaske

A gidanmu ba a ɗauki zane a bakin aiki ba. In na zauna a zaure da safe, kwamfutar hannu a cinya ina jan layi, duk wanda ya gifta sai ya aike ni. Umma ta ce in sayo kayan miya, Yaya ya ce in kai masa waya wurin masu caji, ƙanwata ma da ta zo wankan gida sai ta dire mini jariri ta ce, "Yaya, riƙe min shi tunda ba ka komai." Alhali a lokacin fama nake da yatsun wani bawan Allah, kuma duk mai zane ya san babu abin da ke ba da wuya irin hannu. Shi ya sa mazan da nake zanawa kusan dukkansu sun zuba hannu a aljihun kaftani, matan kuma nakan zumbula musu hijabi har ƙasa. Mutane su gani su ce yaron nan akwai tarbiyya.

Kwamfutar ta hannu na saya a kasuwar Farm Centre, da 'yar tsagewa a kusurwa wadda mai shagon ya nuna mini da kansa ya rage mini kuɗi. Na sa mata ibisPaint, manhajar nan ta 'yan Japan da ake samu kyauta muddin mutum zai iya haƙurin kallon talla kafin a buɗe masa wasu alƙaluman. Daɗinta shi ne leya: ka zana fuska a shafi ɗaya, tufafi a wani shafin da ke kansa, inuwa a na uku, duk wanda ka ga dama ka kashe shi ba tare da ka taɓa sauran ba. In layi ya karkace kuma, ka taɓa allon da yatsu biyu sai ya goge. Na saba da hakan har ranar da gishiri ya zarce mini a garau-garau, na tsinci kaina ina danna gefen kwano da yatsu biyu.

Kaka ce ta fara ba ni kwangila. "Kai maigida," in ji ta, "zo ka zana amaryarka, in ga ko har yanzu kyan da ka gani ka mato yana nan." Na zage na yi aiki tsakani da Allah. Na fitar da tsagar kumatunta, da tamojin goshi, da jan goron da ya kama haƙora. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta mayar nesa, sannan ta ce, "Wannan wace tsohuwa ce?" Na kashe leyar tamoji. Ta ce da saura. Na cike mata kumatu, na sa awarwaro da sarƙa, ta ce a ƙara haƙorin Makka. Na ce, "Kaka, ai ba ki je ba tukuna." Ta ce, "Niyya tana nan, ɗan nema, sa." Yanzu duk baƙuwar da ta shigo ɗakinta sai an nuna mata wata yarinya 'yar shekara ashirin a waya, a ce hoto ne na zamanin Sardauna.

Fim kuwa ƙwacen waya ne ya jawo shi. Abin ya addabi Kano, kowace majalisa ka zauna sai wani ya ba da labarin yadda aka tare shi ko aka tare ƙaninsa. Na ce bari in yi ɗan fim na minti 3 na wayar da kai, in ɗauka da wayata, in haɗa a CapCut, manhajar haɗa bidiyo. Labarin bai da yawa: dattijo ya fito daga gida yana waya, matashi ya fizge ya ruga, daga baya ya yi nadama. Dattijon Kawu ne, malamin firamare mai ritaya da ya daɗe yana ba mu labarin yadda ya yi fice a wasan kwaikwayo a kwalejin horon malamai. Ɓarawon kuma taubashina ne, ɗan Gwaggo, wanda na gaya wa cewa don fuskarsa ta dace na zaɓe shi. Ya ce ya gode, zai rama.

Kafin ɗauka sai na zana kowace fitowa a ɗan akwati, yadda masu fim ke yi don a san inda kyamara za ta tsaya da inda kowa zai bi. Irin wannan zane da sauri ake yinsa, kai zagaye, jiki sanda. Kawu ya sa tabarau ya duba ya ce, "Wannan ni ne? Ina hular?" Na ce Kawu ai tsari ne kawai. Ya ce shi tunda ya yi aure ba a taɓa ganinsa kai ba hula ba, ba kuma za a fara a kwamfuta ba. Na zauna na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ina ɗora wa sanda hula.

Hular nan ita ta kusa kashe ni. 'Yan Kannywood suna da mutum guda da aikinsa kenan, kwantiniti, ya tabbatar rigar da jarumi ya shiga ɗaki da ita da ita ya fito, ko da mako guda ne tsakanin ɗaukar biyun. Ni kuwa ni ne darakta, ni ne mai ɗauka, ni ne mai sayen ruwan leda. Ranar farko Kawu ya zo da zanna. Kashegari ya zo da jar dara. Sai da na zauna haɗawa na ga dattijo ya kama ƙofa da zanna ya fito waje da dara, cikin daƙiƙa ɗaya. Da na yi masa magana ya ce, "Mutumin kirki ba ya maimaita hula kwana biyu a jere." Taubashina shi ma ya ga abin ya yi kyau, ya je aka yi masa aski tal-kwabo a tsakiyar aiki.

Sauti kuma wani tashin hankalin ne. Ban san unguwarmu na da surutu haka ba sai da na maƙala wa Kawu ƙaramin makirfo a wuyan riga, na lulluɓe shi da safa saboda iska. Da na ce akshin sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Ya tsaya, a ɗauke wuta, mai kanti ya ja janareta. A lallaɓa shi ya kashe, sai yarinya ta shigo lungun da tallan awara da muryar da ake ji har bakin titi. Ga lokaci ƙanƙane, don hasken da ke yi wa fuska kyau na la'asar sakaliya ne, lokacin da rana ta kwanta inuwa ta yi laushi, kuma kana cikin gyara sai ka ji ladan ya fara gwada lasifika.

Fitowar ƙwacen ita ce zuciyar fim ɗin, don haka na so kyamara ta bi ɓarawon a guje. Manyan kamfanoni layin dogo suke shimfiɗa wa kyamara. Ni sai na yi ciniki da mai ruwan layinmu, ya sauke jarkokinsa, na biya shi kuɗin da zai samu da ya sayar, na shimfiɗa tabarma a cikin kurar na zauna. Tun a gwaji abin ya shige shi, har yakan riga ni cewa akshin.

Na bi na sanar da kowa. Mai shayi ya sani, mai kanti ya sani, dattawan da ke zama gindin darbejiya sun sani har sun gyara zama. Sai dai lungunmu baki biyu gare shi, kuma mutanen ɗaya bakin, inda 'yan adaidaita sahu ke jiran fasinja kusa da mai tsire, babu wanda ya je musu da labari.

A rubuce, abin da Kawu zai ce shi ne, "Wayyo, wayata!" sannan ya dafe kai. Taubashi kuma ya yi gudu zuwa falwayar lantarki ta biyu ya tsaya. Aka ce akshin. Taubashi ya fizge, ya zura. Kawu ya buɗe muryar da ya shekara talatin yana tsawata wa 'yan aji shida da ita, ya ce, "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ku tare shi!"

Ban taɓa sanin yawan mutanen da ke zaune a unguwarmu ba sai ranar. Ƙofofi suka buɗe. 'Yan adaidaita suka bar kekunansu a kunne suka shigo ta gaba. Almajirai suka diro ban san daga ina ba. Mai tsire ya taho da abin fifita wuta a hannu, wata mata ta wurgo murfin tukunya ta kan katanga ba tare da ta ga wanda take jifa ba. Taubashi ya iso falwaya ta biyu, ya waiga, ya ga abin da ke tafe, ya yanke shawarar cewa umarnin darakta ya ƙare a nan. Ya karya kwana ta wani siririn lungu da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta shiga.

Ni kuwa ina cikin kura ina ihu, "Kat! Kat! Wasa ne!" Mai ruwa ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake, ya ƙara wuta. Muka tsallake kwata, muka bi ta kan tulin yashin wani mai gini, haƙorana suna haɗuwa, hannuna ɗaya riƙe da ƙarfen kura ɗaya riƙe da waya. Kawu, wanda shi ya kamata ya fi kowa sanin ƙarya ce, yana biye da mu a baya riƙe da gefen babbar riga yana ci gaba da cewa a tare shi.

Allah ya sa yaron yana da kai. Bai nufi gida ba, zauren Mai Unguwa ya faɗa, ya zube a bayansa yana haki. Kafin mu iso ƙofar gidan ta cika. Mai Unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce a kawo abin da aka sata. Taubashi ya miƙa. Tsohuwar Nokia ce ta Umma, ba batir, an ɗaure bayanta da roba, madannin lamba 5 ya fita. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. Wani ɗan adaidaita ya jujjuya ta ya ce, "Yanzu a kan wannan na bar fasinja huɗu?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, fim muke yi." Ya ce hujja. Na ba shi wayata. Ya kalla, ya ce a mayar baya, ya sake kalla, dattawa suka leƙo ta kafaɗarsa. Hukuncin da ya yanke shi ne gudun yaron ya yi, babu algus a ciki, amma Malam ya cika kwarmato, wanda aka ƙwace wa waya da gaske yakan ɗan yi shiru tukuna saboda kiɗima. Kawu ya ce a kwaleji ba haka aka koya musu ba. Sannan Mai Unguwa ya juyo kaina ya tambaye ni ko na san tun 2001 jihar nan take da Hukumar Tace Fina-finai, kuma manyan 'yan fim ma ba sa dira unguwa da kyamara sai sun yi sallama da masu ita. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya ce sanin bai hana ni tayar masa da unguwa ana dab da magariba ba. Tarar da ya ci ni ita ce shayi ga duk wanda ya yi gudu, kuma a nan na gane har waɗanda suka kalla daga kan benci sun yi gudu.

Ya ƙara da sharaɗi guda. Fim na wayar da kai ba ya cika sai babba ya yi nasiha a ƙarshe, kuma tunda ba ya son ɗora wa kowa nauyi, shi zai yi. Ranar Asabar ya sha rawani, aka shimfiɗa darduma, na kafa waya a kan turmi da na kife. Ya fara da ƙwacen waya kamar yadda aka yi alkawari. Daga nan ya gangara kan tarbiyya, ya shiga tsadar lefe, ya fito ta kan masu zuba shara a magudanar ruwa. Wajen tsakiyar maganar magudana wayar ta yi zafi, ta rubuto cewa wuri ya cika, ta tsaya. Na dubi rawanin, na dubi dattawan da ke gyaɗa kai, na ga ba ni da bakin da zan ce kat. Haka na ci gaba da tsugunno a bayan turmi ina kallon baƙin allo, ina ɗaga masa babban yatsa, har aka kira la'asar.

Da dare na duba ɗaukar gudun. Wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai kyanta ba: ƙura ta tashi, hasken yamma ya ratsa ta, fuskar taubashi ɗauke da tsoron da babu jarumin da zai iya ƙirƙira. Sai can a gefe Kawu ya shigo hoton a guje, da damanga a kansa, hula ta uku.

Taubashi ya ce ba zai ƙara fitowa ba sai an ba shi matsayin limami. Mai ruwa kullum sai ya tsaya a ƙofarmu ya tambayi yaushe za a koma lokeshin. Jiya kuma yaron Mai Unguwa ya yi sallama, ya ce Baba ya ce ya tuna bai taɓo maganar awakin da ake saki suna cin shukar mutane ba, in zo bayan la'asar, kuma in taho da kurar nan don wannan karon yana so ya yi bayanin yana tafiya.