Agogon ya yi, amma wa zai gwada shi da ɗan'uwansa?

Jama'a duk lokacin da aka tashi maganar agogon atom sai ka ji ana ta yabonsa, wai sai ya yi shekaru miliyoyi bai ɓata daƙiƙa ɗaya ba. Gaskiya ne, amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Kai kana da naka a Boulder ta Amurka, wancan yana da nasa a Braunschweig ta Jamus, to na wa ne daidai? Ai sai an gwada su da juna, kuma nan ne ake jin jiki.

UTC ɗin nan, wato ma'aunin lokacin da duniya ke bi fa, ba wani agogo ba ne rataye a bango, lissafi ne. Ofishin ma'aunai na duniya, BIPM, da ke kusa da Paris shi ke tattara bayanan agogo sama da 400 daga ɗakunan bincike wajen 80, duk wata ya fitar da takardar Circular T, kowa ya duba ya ga inda nasa ya kauce.

A shekarun 1960 har ɗaukar agogon ake yi a sa shi a jirgin sama a kai wata ƙasa a gwada. Sai a 1980 David Allan da Marc Weiss suka kawo dabara, ɗakuna biyu su kalli tauraron GPS guda a lokaci guda, kowa ya rubuta bambancin agogonsa da na tauraron, in aka debe wannan daga wancan kuskuren tauraron ya fita, saura bambancin agogon biyu. Akwai kuma ta aika wa juna sigina a tare ta tauraron sadarwa mai nisan kilomita kusan 36,000, tunda hanyar zuwa ita ce ta dawowa yawancin jinkirin sai ya cinye kansa.

To amma sigina ba a sama kaɗai yake ɓata lokaci ba, eriya na riƙe shi, waya na riƙe shi, na'urar karɓa ma haka, kuma haske santimita 30 kacal yake tafiya a nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), wato ƙara 'yar waya mita biyu kaɗai ya isa ya rikita maka lissafi. Shi ya sa ake yawo da na'urar karɓa guda daga wannan ɗaki zuwa wancan ana auna jinkirin kowa. Aiki ne mara farin jini wallahi, ba wanda ke shiga labarai da shi, kuma ni dai masu yin sa nake ganin sun fi cancantar jinjina.

Mai shakka ya tuna 2011, da gwajin OPERA ya ce ƙwayoyin niyutirino daga cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva zuwa Gran Sasso ta Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60. Duniya ta ɗauka, har ana cewa Einstein, mai cewa ba abin da ya fi haske gudu, ya faɗi. A 2012 aka gano wayar faiba mai kai siginar GPS ce ba ta ɗauru da kyau ba.

Yanzu ma sabbin agogon atom masu aiki da haske sun fi ƙarfin hanyar tauraro, sai ta faiba ake iya gwada su sosai, kamar yadda aka yi tsakanin Paris da Braunschweig a gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, to tsakanin Japan da Turai fa? Ana son sake ma'anar daƙiƙa wajen 2030, kuma wannan gwajin na cikin abin da ake jira.